Darasin Saƙa: Bargon Jariri

Wanda ya taɓa kwana a Riruwai ko Tudun Wada cikin Janairu ya san sanyin hunturu, balle jariri, wanda jikinsa ba ya riƙe ɗumi. Shi ya sa muka soma da bargo.

Faɗinsa santimita 75, tsawonsa 90. Da farko mukan saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 da zaren ulu, mu ƙirga ƙullin layi ɗaya. In 20 ne, to 150 za mu ɗora a allura. Mu matse saƙar, domin rami yakan kama yatsa. Ban da maɓalli ko dutsen ado, jariri yana iya haɗiyewa.

Mu wanke shi kafin mu kai wa maijego. Mu tuna mata ta kwantar da yaron rigingine, bargon ya tsaya a ƙirji, kada ya rufe fuska.