YADDA AKE ZUƘE TSOHON FETUR DAGA TANKIN BABUR DA INJIN BAN-RUWA

Gabatarwa

Malam manomi, noman rani ba ya yiwuwa sai da ruwa, ruwan kuwa a mafi yawan fadamunmu ba ya isa gona sai da inji. Tun daga bakin kogin Ngadda da na Yedzeram, zuwa kewayen Alau da kwarin Jere, ƙaramin injin ban-ruwa mai bakin inci 2 ko inci 3 shi ne jigon aikin. A ƙauyuka kuma babur ne ke ɗaukar iri da taki da jarkar mai zuwa gona. Waɗannan injuna biyu duk da fetur suke aiki, kuma cuta ɗaya ce ta fi kwantar da su, wato tsohon man da aka bari a cikin tanki tun ƙarshen aikin bara.

A wannan cibiya ta Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri muna ba manoma shawarar su shuka alkama daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta sami sanyin hunturu. Idan inji ya ƙi tashi a wannan ɗan lokaci, ko ya tsaya a daidai sa'ad da alkama ke fitar da saiwar gindi, wajen mako 3 bayan shuka, to asarar ta wuce kuɗin gyara, ta shafi amfanin shekara ɗungurungum. Wannan darasi zai bayyana maka dalilin lalacewar fetur, da yadda za ka gane shi, da yadda za ka fitar da shi ba tare da haɗari ba.

Me Ya Sa Fetur Ke Lalacewa?

Fetur ba abu guda ba ne, haɗi ne na sinadarai masu yawa, wasu masu sauƙi, wasu masu nauyi. Abubuwa uku ke faruwa da shi idan ya daɗe a ajiye.

Na farko, sinadarai masu sauƙi, waɗanda su ne ke saurin kama wuta idan ka ja igiya ko ka taka kik, suna bin iska ta 'yar kafar numfashi da ke jikin murfin tanki. Zafi na ƙara saurin wannan, kuma ka san a Maiduguri zafin watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Abin da ya rage a tanki sai ya zama mai nauyi, mai wuyar kamawa.

Na biyu, idan fetur ya daɗe yana cuɗanya da iska sai ya fara yin danƙo kamar ƙaro. Wannan danƙo yakan taru a cikin kafireto, ya toshe ƙananan kafofin da mai ke bi, waɗanda wasunsu ba su kai kaurin allura ba.

Na uku, ruwa. Da damina iska mai laima na shiga tankin da ba a cike yake ba. Idan dare ya yi ƙarfe ya huce, sai laimar ta zama raɓa a jikin tankin ta gangara ƙasa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka a gindin tanki yake kwanciya, a nan ne kuma bakin tiyon mai yake. Wannan ruwa shi ke haifar da tsatsa, tsatsar kuma ta bi mai ta shiga kafireto.

Masu ƙera ƙananan injuna suna gargaɗi cewa fetur na iya fara lalacewa cikin kwana 30 kacal. Injin da aka jingine a watan Afrilu ba a waiwaye shi ba sai Nuwamba ya yi wata 7 da mai a cikinsa.

Abubuwan Da Suka Ƙara Tsananta Matsalar

Akwai wasu al'amura da suka sa wannan magana ta fi shafar manoman yankinmu. A watan Yuli na 2011 gwamnatin jihar Borno ta hana hawan babur a Maiduguri da Jere saboda matsalar tsaro, babura da yawa suka koma ajiya ko aka kai su wasu wurare. Duk babur ɗin da ya daɗe a jingine, kada a tayar da shi sai an wanke tankinsa, kuma wajibi ne ka bi dokar da ke aiki a yankinka game da hawansa.

A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima cikin ƙasar nan, masu ababen hawa da dama suka koka da lalacewar injunansu. Wannan ya nuna cewa ko sabon mai ma yana bukatar a duba shi, balle wanda aka saya a kwalba ko galan wajen 'yan bumburutu.

Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya yi tsada ƙwarai, manomi ya shiga jin nauyin rabuwa da ko da rabin lita. Amma ka auna da kanka: rabin litar da ka ƙi fitarwa, da kuɗin bakanike, da kwanakin da gona za ta yi ba ruwa, wanne ya fi tsada?

Sannan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024, ta nutsar da injuna da janareta masu yawa. Injin da ya taɓa shiga ruwa yana da nasa hukunci, za mu zo kansa a gaba.

Yadda Za Ka Gane Tsohon Mai

Ɗebi kaɗan daga tanki ka zuba a kwalba mai tsabta wadda ake ganin cikinta. Zuba sabon fetur a wata kwalbar ka jera su, ka ba su minti 15.

1. Launi: tsohon mai ya fi duhu, yakan koma kamar ruwan shayi.
2. Wari: sabon fetur na da ƙauri mai kaifi, tsohon kuwa warinsa kamar na tsohon fenti.
3. Ruwa: za ka ga ya kwanta daban a gindin kwalba, da layi tsakaninsa da man.
4. Datti: jan gari a ƙasa tsatsa ce, baƙi-baƙi kuma alama ce tiyon roba ya fara ruɓewa.

Inji ma yakan faɗa da kansa. Idan ba ya tashi sai an ja igiya sau da yawa, ko ba ya tsayawa sai an bar cok a rufe, ko yana shaƙewa idan an ƙara masa wuta, to ka fara zargin mai kafin ka zargi filogi.

Kayan Aiki Da Kiyaye Lafiya

Tanadi jarkar da aka yi domin fetur mai murfi, da mazurari, da ɗan guntun tiyo, da filaya, da sukundireba, da sifanar filogi, da tsumma, da bokiti cike da yashi.

Ka yi aikin a fili, cikin inuwa, da safe ko da yamma. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya tafi nesa har ya tarar da wuta. Don haka a nisanci murhu, da fitila, da mai shan taba, a kuma kori yara daga wurin. Kada ka taɓa tanki sai inji da salansa sun huce sarai. Idan wuta ta kama, da yashi ake kashe ta, domin ruwa watsa ta yake yi.

Babban gargaɗi: kada ka zuƙi fetur da baki. Ɗigo kaɗan idan ya sarƙe ya shiga huhu yana jawo ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko madara da sunan magani, a kai shi asibiti nan take.

Matakan Zuƙe Mai Daga Babur

1. Kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, ka kashe shi ka zare makulli.
2. Juya famfon mai da ke ƙarƙashin tanki zuwa inda aka rubuta OFF.
3. Matse ɗan ƙarfen da ke riƙe da tiyo da filaya, ka zare tiyon daga ɓangaren kafireto, ka sa bakinsa cikin jarka. A ajiye jarkar a ƙasa.
4. Buɗe murfin tanki don iska ta shiga, sannan ka juya famfon zuwa RES, wato rizab. Kada ka tsaya a ON, domin ON ba ya janyo man da ke gindin tanki, a can kuwa ruwa da tsatsa suke.
5. Idan man ya tsaya, karkata babur ɗin zuwa ɓangaren famfon domin sauran ya fita.
6. Sa ɗan gwangwani a ƙarƙashin kafireto, ka sassauta sukurun da ke gindin ƙoƙonsa har man ciki ya tsiyaye, sannan ka ɗaure. Mutane da yawa kan manta da wannan mataki, alhali a nan danƙo ya fi taruwa.
7. Zuba sabon fetur kamar kofi ɗaya a tanki, ka girgiza, ka sake fitar da shi. Maimaita har ya fito garau.
8. Duba matatar mai da tiyo. Tiyon da ya bushe ko ya tsattsage a canja shi.

Idan ka haska tocila cikin tanki ka ga tsatsa ta yi yawa, sai a kwance tankin a kai wa bakanike. Kada ka taɓa haska shi da ashana. Haka kuma sababbin baburan da ba su da kafireto, famfon lantarki ke tura musu mai, su ma a bar wa bakanike.

Matakan Zuƙe Mai Daga Injin Ban-Ruwa

Tankin wannan inji ƙarami ne, yawanci bai wuce lita 3 zuwa 4 ba, aikinsa kuma ya fi sauƙi.

1. Kashe makunnin inji, ka zare hular filogi.
2. Rufe famfon mai. Kwance ɗan ƙoƙon tara datti da ke ƙarƙashinsa, idan injinka na da shi, ka wanke ka mayar tare da zoben robarsa.
3. Sa mazurari da jarka a ƙarƙashin kafireto, ka kwance notin tsiyayar da mai, sannan ka buɗe famfon har tanki ya ƙare.
4. Ɗauraye tanki da sabon fetur kaɗan, ka ɗaure notin.
5. Ciro 'yar ragar da ke bakin tanki ka wanke ta.

Injin feshi na goyo, wanda ake haɗa masa fetur da man inji, kada a bar masa haɗin ya wuce 'yan makonni. A riƙa haɗa daidai abin da za a yi aiki da shi.

Injin Da Ya Shiga Ruwa

Kada ka gwada tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, idan yana cikin silinda ka ja igiya da ƙarfi yana iya lanƙwasa sandar fistin. Fara da cire filogi, ka ja igiya a hankali ruwan ya fita. Fitar da fetur duka kamar yadda aka bayyana. Juye baƙin mai. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shige shi, sai a zuba sabo, inji ya yi aiki na ɗan lokaci, a sake canjawa. A wanke matatar iska a shanya ta, ko a sa sabuwa.

Ina Za A Kai Tsohon Man?

Idan man bai yi duhu sosai ba, kuma babu ruwa ko tsatsa, tace shi da ƙyalle mai tsabta ka riƙa haɗa kashi 1 nasa da kashi 4 na sabo har ya ƙare. Wanda ya lalace sosai a rufe shi a jarka, a rubuta a jikinta, a kai garejin bakanike.

Kada a zubar da shi a gona, ko hanyar ruwa, ko kusa da rijiya. A fadama ruwan ƙasa na kusa, fetur kuwa yana ratsa yashi da sauri, ya ɓata ruwan sha ya kuma ƙona saiwar shuka. Kada a hura wuta da shi, kada kuma a zuba shi cikin kananzir, domin irin wannan haɗi ne ke sa fitila da risho su yi bindiga.

Ajiyar Inji Bayan Girbi

Rigakafi ya fi magani. Ranar da ka yi ban-ruwa na ƙarshe, ranar ce ta fitar da mai, tun yana da kyau, ka juye shi a babur ko janaretan da ke aiki kullum, ba ka yi asarar komai ba. Daga nan ka canja baƙin mai, ka cire filogi ka ɗiga baƙin mai cikin ƙaramin cokali ɗaya a ramin, ka ja igiya a hankali sau biyu ko uku, ka mayar da filogi. Kwance notin da ke gindin famfon ruwa, ruwan ciki da yashi su fita. Rufe murfin tanki, ka ɗora injin a kan katako a ɗaki busasshe, ka lulluɓe shi da buhu.

Kammalawa

Malam manomi, a farkon watan Nuwamba, tun kafin ka gyara kwamin gona, fito da injinka ka zuba masa sabon mai daga gidan man da ka amince da shi, ka tayar da shi ya yi aiki na minti 10. Idan da matsala, kana da sauran mako biyu na gyara kafin shuka. Domin ƙarin bayani tuntuɓi malamin gona na yankinka. Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka, amin.