Idan ikilisiyarku ta sami abokan tarayya daga ƙetare

Dattawan ikilisiya da dama suna tambaya: wata ikilisiya a Amurka ko Jamus ko Ingila ta ce tana so ta tallafa wa makarantarmu, ko ta ɗauki nauyin ɗalibanmu masu karatun fastoci, ta ina za mu fara? Amsar a taƙaice ita ce, ku fara da tunanin ranar da kuɗin zai daina zuwa. Duk sauran shawarwarin daga nan suka taso.

Irin wannan zumunci ba baƙon abu ba ne a Arewa. A 1913 likita Niels Brønnum ya iso Numan daga Denmark, aikin da ya haifi ikilisiyar Lutheran ta LCCN. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkiɗa, tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ke nan. Kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru ta fara karatu a 1959 da haɗin gwiwar ɗariku da yawa. Abin lura shi ne, waɗanda suka ɗore cikin ayyukan nan su ne waɗanda 'yan ƙasa suka karɓa suka riƙe da hannunsu.

Ku san buƙatarku kafin baƙo ya iso. Majalisa ta zauna da shugaban makaranta, da Zumuntar Mata, da matasa, a rubuta buƙatu uku bisa muhimmancinsu. In ba haka ba, baƙo zai ga abin da ya taɓa zuciyarsa ya ba da kuɗi a kai, ku kuma kunya ta hana ku magana. Ta haka ake samun ɗakin kwamfuta a ƙauyen da ba lantarki, injuna a lulluɓe da zane, alhali malaman firamare suna bin albashin wata uku. Faɗin "mun gode, amma ga abin da ya fi damunmu" ba rashin ladabi ba ne.

Ku bi ta hannun ɗarika. Kada yarjejeniya ta tsaya tsakanin fasto ɗaya da abokinsa na waje. Ana yi wa fasto canjin wurin aiki, abokin ma yakan tsufa ko ya yi murabus. Ku sanar da gunduma da hedkwata, a rubuta takarda mai sa hannun ɓangarorin biyu: me za a yi, shekara nawa, wa ke da iko kan me, ina za a kai ƙorafi idan an sami saɓani. Fili da gini su kasance da sunan amintattun ikilisiya masu rajista da hukumar CAC, ba da sunan mutum ba.

Ku fara zuba naku. Ko yashi da bulo ne, ko aikin gayya, ko buhunan masara daga baikon godiyar kaka. A ware Lahadi ɗaya a shekara don baikon ilimi. Mutumin da ya ɗebi ruwan kwaɓa siminti ba zai zuba ido rufin aji ya yaye ba. Tun ƙarni na 19 Henry Venn, sakataren ƙungiyar CMS, yake cewa ikilisiya ta tsaya kan ƙafa uku: ta mulki kanta, ta riƙe kanta, ta yaɗa bishara da kanta. Bahaushe ya gajarta zancen: kayan aro ba ya rufe katara.

Kuɗi ya sami hanya ɗaya. A buɗe asusun banki na musamman, daban da na baikon Lahadi, da masu sa hannu uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa. Ma'aji ya riƙe littafi: kwanan wata, abin da aka saya, rasit a manne a bayan shafi. Kuɗin da aka aiko don littattafai kada a juya shi zuwa gyaran motar fasto, ko da niyyar mayarwa. In buƙata ta canza, a rubuta a nemi izini tukuna. Banki zai iya neman takardar SCUML ta hukumar EFCC, don haka a tanada da wuri. A kuma rubuta farashin canji na ranar da kuɗi ya shigo. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda bai rubuta ba, jama'a za su yi lissafi da farashin yau su zarge shi da abin da bai ci ba.

Zaɓen ɗalibi ya zama a fili. Nan ne zumunci ya fi lalacewa. A sanar da gurbin a sujada, kwamiti ya tantance, duk mai ɗan'uwa cikin masu nema ya fita daga zaman. Tallafin kuma ya dubi gidan gaba ɗaya. Ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki sau da yawa magidanci ne: ya sauka daga mota da mata, da yara, da katifa, da rabin buhun dawa da ba zai kai ƙarshen zango ba. In an biya kuɗin makaranta kawai, rabin hankalinsa na wurin tukunya. A sa abinci, da magani, da karatun matarsa cikin kasafi. Shi kuma ya sa hannu cewa zai dawo ya yi hidima na shekarun da aka amince. Digirin farko ya fi kyau a yi shi a gida, a Bukuru ko Kagoro ko Gindiri ko Wusasa, inda kuɗin mutum ɗaya a Turai zai karantar da mutane da yawa. Karatun ƙetare a bar wa waɗanda za su dawo su koyar.

Ku faɗi gaskiya a rahoto. Kowane zango a aika shafi ɗaya ko biyu: yara nawa, malamai nawa, me aka kashe, me ya gagara. Kada a ƙara wa talauci gishiri don a ja tausayi, kada a ɗauki hoton yaro ba da yardar iyayensa ba. Amanar da aka gina lokacin lafiya ita ke amfani ranar tsanani. Da Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN da kwalejin Kulp a Kwarhi a Oktoban 2014, tsofaffin abokan tarayya ne suka tashi da asusun agaji, domin sun san mutanen da suke aika wa. Zumunta a ƙafa take: ku gayyace su, su kwana a gidajenku, su zauna a aji.

Ku rubuta ranar yaye. Misali, abokan tarayya su biya albashin malamai duka a shekarar farko, kashi uku cikin huɗu a ta biyu, rabi a ta uku, ku kuna cike giɓin da kuɗin makaranta mai sauƙi, da gonar ikilisiya, da gudummawar tsofaffin ɗalibai. Duk aikin da lissafi ya nuna ba za ku iya riƙe shi ba bayan shekara biyar, ku rage girmansa tun yanzu. A zaman majalisa mai zuwa, ma'aji ya kawo adadi ɗaya: nawa makarantar ke ci a wata, nawa ne daga ciki ke fitowa daga aljihun 'yan ikilisiya.