Matsirgar Dogon Ruwa Da Darasin Da Ke Cikinta Ga Ƙasar Daura

Mutumin da aka haifa a Babban Mutum, ko Zango, ko Sandamu, ya kan tsufa bai taɓa ganin kogi ya faɗo daga kan dutse ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ya yi mata yawa, ruwanmu kuwa na rijiya ne da tabki. An shirya wannan darasi domin hakimai da malamansu su san inda a ke samun irin wannan wuri, da yadda a ke zuwa gare shi, da kuma abin da ya ke koya wa mai riƙon ƙasa.

Gandun Dajin Kamuku

Wurin da ruwan kogi ke tsirgowa daga bisa zuwa ƙasa shi a ke kira matsirga. Akwai irinta da dama a Arewa, kamar ta Gurara a Jihar Neja, wadda tsayinta ya kai wajen mita 30, da ta kusa da Kafanchan, wadda sunanta ma ke nan Matsirga. Wadda za mu duba a nan ita ce ta Dogon Ruwa, domin ita a cikin gandun daji na Gwamnatin Tarayya ta ke, watau Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna.

A shekarar 1936 aka keɓe wannan daji ya zama gandun En'e ta Birnin Gwari. A 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, ta sa shi cikin manyan gandayen ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,120, kuma ya yi iyaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Doka ta hana farauta a cikinsa, da sare itace, da kiwo, da cinna wuta.

Yadda matsirga ke samuwa

Abu biyu ke haɗuwa kafin a sami matsirga. Na fari, dutse. Inda kogi ya bi ta kan dutse mai tauri, sa'an nan ya iske ƙasa mai laushi a gaba, sai ruwa ya yi ta cin mai laushin shekara da shekaru har ya zama gangare, mai taurin kuwa ya tsaya kamar dakali.

Na biyu, daji. Ruwan saman da ƙasar Birnin Gwari ke samu ya kusa ninka namu, amma ba yawan ruwa kaɗai ke raya kogi ba. Ganyen itace ya kan tare ƙarfin ruwan sama, busasshen ganyen da ya zube ya kan rufe ƙasa kamar tabarma, saiwoyi kuma su buɗe wa ruwa hanya ya nutse. Ruwan da ya nutse shi ne ke tsattsafowa sannu a hankali bayan damina ta wuce. Inda aka sare daji kuwa, ruwa ya kan taho gaba ɗaya, jajawur da ƙasar gona, ya haƙa kwazazzabo, kwana kaɗan kogi ya koma yashi.

Shirin tafiya

Daga Daura a kan bi ta Funtuwa zuwa Birnin Gwari. Amma kada kowa ya ɗauki wannan tafiya da wasa. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga sun daɗe su na fakewa a dajin, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kai da sojoji aka shiga fatattakarsu. Saboda haka ga sharuɗɗan da ya wajaba a kiyaye:

1. A rubuta wa hukumar gandun tun da wuri, a kuma nemi shawarar jami'an tsaro. In sun ce a dakata, sai a dakata.
2. Kada a shiga sai da ma'aikacin gandun ya yi jagora.
3. A zaɓi ƙarshen damina, wajen Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da ruwa bai janye ba, hanya kuwa ta fara bushewa.
4. A tashi da sassafe, a komo kafin la'asar. A riƙe ruwan sha da guzuri, a sa rufaffen takalmi saboda maciji.
5. Kada a taka jiƙaƙƙen dutse a bakin matsirga, gama gansakuka ta fi sabulu santsi. Kada kuma a shiga gurbin da ruwa ke faɗawa, zurfinsa ba ya ganuwa.

Mai tafiya ya buɗe ido a hanya. Zai ga doka da maje da baushe da taura, da kaɗanya da ɗorawa. Ya tsuguna ya tona gindin itace da yatsa, zai iske ƙasa baƙa mai sanyi. Ya kwatanta ta da ƙasar fili a wajen gandun. Wannan bambanci shi ne dukan darasin.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce, mu da ba mu da kogi balle matsirga, ina ruwanmu? To, hukuncin ruwa ɗaya ne ko'ina. Ruwan da ya nutse a gona shi ne ke komawa rijiya, itacen da ke tare ruwa a Kamuku shi ne ke tare iska da rairayi a nan. A 1936 zuwa 1937 gwamnatocin Ingila da Faransa suka tura masanan daji suka bi iyakar Nijeriya da Nijar, domin a na tsoron Hamada na matsowa. Abin da suka tarar shi ne ɓarnar ta fi zuwa daga hannun mutane, ta wajen sassabe ba bisa ƙa'ida ba. Farin 1973 da na 1984 suka zo suka nuna yadda ƙasa marar itace ke saurin faɗuwa.

Magani kuwa ba nisa ya ke ba. Ƙetaren iyaka daga Babban Mutum, a ƙasar Magarya ta Jamhuriyar Nijar, manoma sun cika gonakinsu da gawo. Ba dasa shi suka yi ba. Tohon da ya fito daga kututture ko daga iri shi su ke bari, su zaɓi mai ƙarfi, su rage sauran. A Maradi a na kiran wannan sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa tun daga wajen 1985 an rayar da hekta miliyan 5 ta wannan hanya a Nijar. Gawo kuwa ya kan zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

Aikin hakimi da malaminsa

Ya kamata kowane hakimi ya san iyakar gandun daji da makiyaya da burtalin da ke ƙasarsa, ya zaga su da kansa sau ɗaya a shekara tare da malamin daji. Kafin sharar gona ya tara dagatai da masu unguwa ya gargaɗe su a bar tohon gawo da aduwa da magarya, a kuma daina cinna wa daji wuta.

Malamin hakimi shi kuwa ya buɗe littafi. Ya rubuta sunan kowane gandu da alamun iyakarsa, da ranar da aka kama wani da sara da yadda aka ƙare, da gaba nawa a ke samun ruwa a manyan rijiyoyi cikin watan Afrilu na kowace shekara. Bayan shekara biyar littafin zai nuna ko ƙasa gaba ta ke yi ko baya, kuma shi ne hujjar da hakimi zai kai gaban Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma.

Talakawa abin da suka ga shugaba ya tsare shi su ke tsarewa. In hakimi ya bar gawo a gonarsa, dagaci ba zai sare nasa ba.