Bayan an naɗe tabarmar makoki

Tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, akwai gidaje a Kano da har yau uwa ke jin motsin ƙofa ta zaci ɗanta ne ya dawo. Kada a ce mata "ai ya wuce". Ku je gaisuwa ko da an daɗe da sadakar arba'in. Ku riƙa ɗan kwanon shinkafa, ku zauna, ku bar ta ta yi ta zancensa har ta numfasa. Bidiyon gawa kuwa, don Allah a daina yawo da shi a WhatsApp.

Fushin wannan rashi kada ya tsallaka titi ya sauka kan maƙwabci. A Mayun 1953 Fagge da Sabon Gari sun gwada haka, aka kwashe gawawwaki, talaka bai tsinana komai ba. Tsadar da ke cin mai shayi a Fagge ita ke cin mai shago a France Road. A Sabon Garin nan ne ma aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950.

Ku rubuta sunayen waɗanda aka rasa, da rana da wuri, ku damƙa wa dattijon da unguwa ta amince da shi. Wanda bai karɓi katin zaɓensa ba, ya bi sawunsa kafin zaɓen 2027.