Darasin Kimiyya da Fasaha: Wuƙa Mai Naɗewa

Darasinmu na wannan mako a kan wuƙa mai naɗewa ne, irin wadda leburori a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai suke yanka igiya, buhu da kwali da ita.

Wuƙar da maƙeranmu ke ƙerawa, wadda ake sayarwa a Kasuwar Kurmi, sai da kube. Ita kuwa mai naɗewa, ƙotarta ce kubenta.

Sassanta huɗu ne:

1. Ruwan wuƙa. Ƙarfe mara tsatsa ya fi jure ruwa da gumi. Baƙin ƙarfe ya fi saurin wasawa, amma yana tsatsa in ba a shafa masa mai ba.
2. Ƙota. Ta itace ko ta roba mai kaushi ta fi, domin mai santsi tana suɓucewa in hannu ya jiƙe.
3. Ƙusa. A kanta ruwan wuƙar yake juyawa. In ta saki, wuƙar za ta riƙa girgiɗi.
4. Makulli. Shi ke hana wuƙar rufewa a kan yatsu ana cikin aiki.

Sanannun irinta sun haɗa da Victorinox, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a Suwizalan a 1884, da Opinel ta Faransa da aka fara yi a 1890, wadda aka ƙara mata zoben kullewa a 1955. Okapi kuma a Jamus aka fara ƙera ta a 1902, yanzu a Afirka ta Kudu ake yin ta.

Abin mamaki, dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi haɗari, saboda sai an danna da ƙarfi, daga nan ta kuɓuce ta yanki mutum. Mai yanka ya riƙa tura kaifin gaba, nesa da jikinsa. Kada a yi aron wuƙa ko reza da ta yanki wani, domin ciwon hanta da cutar ƙanjamau suna yaɗuwa ta jini.

A ƙarshe, wuƙa kayan aiki ce ta manya a wurin sana'a. Ɗalibin da aka kama da ita a jaka zai iya rasa karatunsa, a titi kuma a ɗauke shi ɗan daba ko mai ƙwacen waya. Mu bar ta a gida, mu fiƙe fensirinmu da abin fiƙe fensir.

Daga ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta