Amsar Tambaya: Daga Ƙofar Wambai zuwa Kumasi

Wata uwa ta rubuto cewa maigidanta, ɗan kasuwar takalma a Ƙofar Wambai, ya kwashe iyali zuwa Kumasi ta ƙasar Gana. Sati biyu ke nan yara na kukan gida, ita kuma ta rasa ta inda za ta fara.

Ta kwantar da hankalinta, ba ta faɗa dawa ba. A zangon Kumasi da Hausa ake ciniki, da ita ake gaisawa a masallaci. Maigidan ya je ya gaida Sarkin Zango da limamin unguwa, ita kuma ta aika wa maƙwabta tuwo, a sa yara Islamiyya tun yanzu.

Abin da ya fi damun wannan shafi shi ne takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kacal ta ba baƙo daga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba, bayan nan sai da izinin zama. Dokar Gana ta 2013 kuma ta keɓe sayar da kaya a kasuwa ga 'yan ƙasa, an sha rufe shagunan 'yan Najeriya a kanta. Kada maigidan ya kama rumfa a kasuwar Kejetia kafin ya ga lauya.