INUWA A KAN FARANTIN SOLA: Yadda Za A Jera Faranti Don Rage Hasarar Wuta

Tun da aka janye tallafin man fetur a cikin watan Mayu na shekarar 2023, gidaje da shaguna da ɗakunan shan magani masu yawa a ƙasar nan sun juya ga farantin sola, watau allon nan mai fuskar gilashi wanda ke mayar da hasken rana wutar lantarki. Amma sau da yawa akan ji mai gida yana kukan an cuce shi, wai ya sayi faranti takwas, ga shi batir ba ya cika har la'asar. In aka hau rufin aka duba, sai a tarar kayan lafiyarsu lau. Reshen darbejiya ne, ko kuwa tankin ruwa, ya shimfiɗa wata 'yar inuwa wadda ba ta fi faɗin faifai ba a kan faranti guda.

Dalilin Hasarar

Wanda ya dubi faranti da kyau zai ga an rarraba shi gida-gida. Waɗannan su ne ƙwayoyin da ke yin aikin. Farantin da aka saba gani yana da ƙwaya 60 ko 72, kowace tana ba da wajen rabin bolt, an kuwa ɗaure su bi da bi kamar raƙuman ayari, wutar da ta bi ta farko ita ce za ta bi ta ƙarshe. Ayarin da aka ɗaure da igiya ɗaya ba ya wuce saurin gurguwar cikinsa. Saboda haka idan inuwa ta rufe ƙwaya ɗaya tak, sauran duka sai su koma tafiyarta. Ban da wannan, ƙwayar da ke cikin inuwa takan shiga shan wutar 'yan'uwanta, ta yi zafi, har wani lokaci ta ƙone bayan farantin.

Don maganin haka masu ƙira sukan sa wasu 'yan na'urori uku, waɗanda ake kira dayod, a cikin ƙaramin akwatin da ke bayan faranti. Kowace tana tsaron kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin. In inuwa ta tare wani kashi, sai dayod ta buɗe wa wutar ratse, ta kewaye shi. An tsira daga ƙuna, amma fa sulusin farantin ya tafi.

Tsaye Ko Kwance

A nan ne jeri yake da muhimmanci, a nan ne kuma aka fi yin sakaci. Kashi ukun nan a tsawon faranti suke miƙe, kamar kunyoyin gona. Idan aka kafa faranti a tsaye, inuwar katanga ko ta rawanin soro ta kwanta a gindinsa, to, ta yanke kunyoyin nan uku a lokaci guda, farantin kuwa ya zama kamar babu shi. Idan aka kwantar da shi, wannan inuwar kunya ɗaya kaɗai za ta taɓa, biyu su ci gaba da aiki. Faranti ɗaya, inuwa ɗaya, bambancin kawai yadda aka juya shi.

Akwai kuma faranti na zamani mai tsagaggun ƙwayoyi 120 ko 144, wanda ake ganewa da wani layi da ya raba shi biyu a tsakiya. Shi rabinsa na sama da na ƙasa kowanne da hanyarsa, don haka in an tsayar da shi, inuwar gindi rabi kawai za ta ci.

Sanin Hanyar Rana

Nijeriya tana kwance tsakanin digiri 4 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa inuwa ba ta zama wuri ɗaya duk shekara. A Kano, cikin watan Disamba rana takan karkata kudu ƙwarai: da tsakar rana abu mai tsayin mita ɗaya yakan jefa inuwar wajen santimita 70 ta fuskar arewa, awa uku kafin nan kuwa tsawonta yakan kai mita ɗaya da rabi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta sai al'amarin ya juya, rana ta bi ta arewa, inuwa ta faɗi kudu. A Legas wannan juyi ya fi daɗewa, daga farkon Afrilu har farkon Satumba. Ma'aikacin da ya zo da damina ya ga rufi fes, ya kafa kayansa ya tafi, yana iya barin mai gida da inuwar da ba za ta bayyana ba sai hunturu.

Saboda haka kafin a huda kwano ko ɗaya, ya kamata a hau rufin da hantsi, da tsakar rana, da kuma la'asar, a shata iyakar kowace inuwa da alli, sa'an nan a ƙara mata fili saboda watannin da ba a gani ba. Inda aka yi sahu biyu ko fiye, a bar rata tsakaninsu yadda na gaba ba zai rufe gindin na baya ba a cikin Disamba. Tankin ruwa kuwa, tun da inuwar arewa ta fi ta kudu tsawo, gara ya zauna arewa da faranti.

Inda Inuwa Ta Zama Dole

A cikin gari, inda benaye suka matsi juna, ba kullum ake samun rufin da babu inuwa ba. To, sai a ware. Farantan da inuwa ke ziyarta a haɗa su a layi nasu dabam, masu shan rana tun safe har yamma su ma a nasu, kada a cuɗa su. Injin inbata da yawa suna da mashiga biyu, kowace da na'urarta ta neman iyakar ƙarfin wuta, wadda ake rubuta wa MPPT a jikin injin. Sai a ba kowane layi mashigarsa. Akwai kuma ƙananan inbata da ake maƙala wa kowane faranti tasa. Suna da tsada, sau da yawa kuma ɗauke faranti ɗaya daga bakin inuwa ya fi su arha. Faranti shida a fili sukan fi takwas da aka cusa har ƙarƙashin mangwaro.

Ƙura ma inuwa ce. Farantin da aka shimfiɗa ba gangare yakan tara laka a gindinsa, ta toshe sahun ƙwayoyi na ƙasa. A karkata shi da digiri 10 zuwa 15 don ruwan sama ya wanke shi. Da hunturu kuwa sai a riƙa wanke shi da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, a kuma kula da kashin tsuntsaye. Amma kwance waya ko sāke haɗi aikin ƙwararre ne, gama layin faranti yana ɗauke da wutar da za ta iya kisa muddin akwai hasken rana a kansa.